Famfo Biyu, Bututu Ɗaya: Inda Masu Ƙara wa Mota Ƙarfi Ke Yin Tuntuɓe

A garejojin Amurka, Japan da Ostareliya, masu sauya wa mota kayan inji don ta ƙara gudu sun daɗe suna cusa famfon mai na biyu a cikin tanki, su bar bututu da waya da regileta yadda kamfani ya ƙera su. Wani sa'in dabarar takan ci, wani sa'in kuma ita ke cin injin. Wannan rahoto ya bi sawun fetur tun daga tanki har cikin silinda domin a ga dalili.

A garejin masu wannan sana'a akwai wani ɗaki da ba a samunsa a garejin gyara na yau da kullum. A tsakiyarsa an binne manyan gangunan ƙarfe masu juyawa, na'urar da suke kira daino. Akan hau da mota kan gangunan, a ɗaure ta gaba da baya da igiyoyi masu kauri, a kunna ƙatuwar fanka tana hura mata iska a fuska. Mai saiti ya zauna a kujerar direba da kwamfuta a kan cinyarsa, ya sa giya ta huɗu, ya take totur har ƙasa. Tayoyi na tsala gudu, mota kuma tana nan inda aka ɗaure ta, ƙararta ta cika ɗakin har mutum na jin ta a ƙirjinsa.

'Yan kallo idonsu na kan allon da ke nuna doki nawa injin ya fitar. Shi kuwa mai saiti wani siririn layi yake bi da ido, layin matsin mai. Muddin layin na hawa kafaɗa da kafaɗa da iskar turbo, hankalinsa a kwance yake. Da zarar ya ga ya fara sunkuyowa a daidai lokacin da injin ke ƙure juyinsa, sai ya ɗage ƙafa nan take, domin daƙiƙu kaɗan a wannan hali sun isa su narkar da kan fistin. Daga wannan sunkuyawar ce maganar famfo na biyu take tasowa.

Ƙishirwar inji

Ƙarfin mota daga haɗin iska da mai yake fitowa, kuma haɗin yana da ma'auni. Domin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane giram ɗaya nasa yana buƙatar giram 14.7 na iska. Turbo fanka ce da hayaƙin salansa ke juyawa, tana danna ƙarin iska cikin silinda. Idan iska ta ƙaru, dole mai ya ƙaru. Masu saiti ma sukan zarce ma'aunin da gangan idan turbo ya buɗe, su kai haɗin wajen giram 11.5 zuwa 12 na iska a kan giram ɗaya na mai, saboda rarar man tana sanyaya cikin silinda. Idan kuwa man ya gaza, zafi ya hau, haɗin ya riƙa fashewa kafin lokacinsa, ringi ya karye, fistin ya huje, injin ya buga.

Motar da aka fi danganta wannan harka da ita ita ce Toyota Supra wadda ta fito a 1993, mai injin 2JZ-GTE, lita 3, silinda 6 a jere. A wancan zamani kamfanonin motocin Japan sun yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba wanda zai tallata mota da ƙarfin da ya wuce doki 280 a cikin gida. Wadda aka kai kasuwar Amurka doki 320 gare ta. Masu gyara suka gano cewa gangar jikin injin, da yake ta zubin ƙarfe ce mai kauri, za ta iya ɗaukar ninkin hakan ba tare da an taɓa cikinta ba. Fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya ƙara wa abin armashi a idon matasa. Haka labarin yake ga Nissan Skyline GT-R mai injin RB26DETT, da Mitsubishi Lancer Evolution mai injin 4G63, da Subaru Impreza WRX.

Lissafin man da ake buƙata ba mai wuya ba ne. Injin turbo yana shan kusan kilogiram 0.27 na fetur a awa a kan kowane doki idan an take shi har ƙasa. Mai doki 500 ke nan zai sha kilogiram 135, wato kimanin lita 184 a awa, lita 3 a kowane minti. Sai kuma ga E85, man da akasarinsa sinadarin itanol ne wanda Amurkawa ke tatsa daga masara. Masu tsere na ƙaunarsa saboda ba ya saurin fashewa a cikin silinda kuma yana sanyaya inji, amma ƙarfin da ke cikin litarsa bai kai na fetur ba, sai an ƙara kusan kashi 30 cikin 100. Mai neman doki 700 da wannan mai yana buƙatar abin da ya haura lita 330 a awa.

Shekara da shekaru, famfon da kowa ke sawa shi ne Walbro 255, mai tura lita 255 a awa, wanda girmansa bai wuce a riƙe shi a tafin hannu ba. Wanda kuma ake ɗaurawa a wajen tanki shi ne Bosch 044. Da ƙishirwar injuna ta wuce abin da ɗaya zai iya, sai tunani mafi sauƙi ya zo: a sa biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne. Sai dai jinkar tana da inda za a aza ta, kuma idan bangon bai da ƙwari, yawan hannu ba ya hana ta rushewa.

Hanyar da mai ke bi

A yawancin motocin da muka ambata, idan aka ɗaga kujerar baya ko shimfiɗar but za a ga wani murfi zagayayye. Ƙarƙashinsa akwai maratayi, wanda famfo ke rataye a jikinsa cikin fetur tsundum, da 'yar jakar tacewa a bakinsa, da sandar da ke nuna yawan mai a dashbod. Daga nan man ya bi siririn bututun ƙarfe a ƙarƙashin mota, ya ratsa filta, ya isa wata doguwar sanda mai rami da ke kwance a kan inji, wadda duk nozul-nozul ke tsotsa daga jikinta. A ƙarshen sandar akwai regileta. Aikinta ta riƙe matsin da ake so, ta saki rarar man ya bi bututu na biyu ya koma tanki.

A motocin Japan da yawa matsin nan yana wajen bar 3, wato 43.5 a gejin mai faci, ya ɗan ɗara iskar da ake ba tayar ƙaramar mota. Amma ba a nan yake tsayawa ba. Nozul yana fesa mai ne a cikin hanyar da turbo ya cika da iska, don haka sai man ya rinjayi iskar kafin ya fita. Shi ya sa aka haɗa regileta da ɗan tiyon iska: duk bar ɗaya da turbo ya ƙara, ita ma ta ƙara bar ɗaya. Idan turbo na bayar da bar 2, famfo na fama da bar 5 ke nan. Kowane famfo kuwa, yayin da matsi ke hawa, yawan man da yake turawa raguwa yake yi. Lambar 255 da aka buga a kwali ta matsin bar 3 ce da cikakkiyar wuta. A lokacin da injin ya fi ƙishirwa, a lokacin ne famfon ya fi rauni.

Akwai hanya biyu ta haɗa famfo biyu. Idan aka jera su gefe da gefe, kowanne na tsotsa daga tanki suna zubawa a bututu guda, yawan man ne ke ƙaruwa. Idan aka sa ɗaya yana ɗura wa ɗaya, na gaba yana samun sauƙin riƙe matsi mai yawa, amma abin da ke wucewa ba ya ninkuwa. Yawancin masu wannan aiki ta farko suke bi.

Darasin fadama

Manomin rani a Kadawa ko Kura ya san wani abu da mai Supra a Kaliforniya kan manta. Idan ka haɗa injin ban-ruwa biyu a kan tiyo ɗaya mai inci 2, ruwan da zai isa fangalinka ba zai ninku ba. Tiyon zai kumbura, injunan su yi ta gurnani suna shan mai, abin da ke fita a baki ya ƙaru kaɗan kawai. Bututun mai na kamfani a irin waɗannan motoci faɗinsa wajen milimita 8 ne. Yana iya ɗaukar fiye da yadda mutane ke zato, amma yayin da gudun mai a cikinsa ke ƙaruwa, matsin da ke salwanta a hanya yana ƙaruwa fiye da kima: idan gudun ya ninku, asarar takan kusan ninkuwa huɗu. Kuma sau da yawa bututun kansa ba shi ne maƙogwaron ba. Tsohuwar filta ce, ko wani noti mai ɗan ƙaramin rami da ke haɗa tiyo da sanda, ko bakin murfin tanki. Famfunan na can ƙasa suna ganin matsi mai yawa, inji kuma yana can sama yana ganin kaɗan.

Sai kuma nozul. Supra ta Amurka ta zo da nozul 6, kowanne na fesa mililita 550 a minti. Ko da an bar su a buɗe ba rufewa, abin da za su iya wucewa da shi lita 198 ne a awa. Masu saiti ba sa son su wuce kashi 85 cikin 100 na ƙarfinsu, wato kimanin lita 168. Lafiyayyen famfo ɗaya mai isasshiyar wuta ya ishi waɗannan nozul. Wanda ya sa biyu a bayansu bai ƙara wa injin ko ɗigo ba. Famfo ba ya ƙara doki ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya hana dokin da ake da shi mutuwa da ƙishirwa.

Rarar da ba ta da hanyar komawa

Matsala ta farko da mai famfo biyu ke cin karo da ita ba a kan babban titi take ba, a bakin ƙofar gareji take. Mota a tsaye tana silo, abin da take sha bai fi lita ɗaya ko ɗaya da rabi a awa ba. Famfo biyu kuma suna turo kusan lita 500. Duk sauran sai ya bi ta ɗan ramin regileta ya koma. Ramin nan an auna shi ne da famfo ɗaya na kamfani. Da ya cika, sai matsin ya haura inda aka saita shi, nozul su riƙa fesa fiye da abin da ƙwaƙwalwar mota ta umarta. Silo ya rikice, fulogi su yi baƙi, salansa na warin fetur, man da bai ƙone ba ya wanke baƙin mai daga bangon silinda ya gangara cikin kwanon inji. Mafi muni, matsin ba ya tsayawa wuri ɗaya: a silo ya yi yawa, idan an taka ya dawo daidai. Mai saiti ba shi da tsayayyen ma'aunin da zai gina lissafinsa a kai.

Motoci irin su Evolution da WRX da GT-R suna da wata matsalar ta daban. Saboda farfela ta ratsa ƙarƙashinsu zuwa tayoyin baya, tankinsu ya rabu gida biyu kamar mangalar jaki, famfo na ɓari ɗaya kawai. Kamfani ya yi dabarar jawo man ɗaya ɓarin ba da wani famfo ba: man da ke dawowa daga inji yana bi ta wani tsukakken baki, saurinsa ya haifar da tsotso, ya zuƙo man da ke ƙetare. Famfo biyu kan cika wannan bakin, matsi ya taru a baya. Wasu sai su sa diril su faɗaɗa shi. Idan suka zarce, tsotson ya mutu, mota ta tsaya cak a hanya alhali geji na nuna akwai mai, domin man yana can ɓarin da famfo ba ya kaiwa.

Motocin da suka biyo baya, tun daga tsakiyar shekarun 1990, da yawa ba su da bututun komawa sam. An cire shi ne don rage tururin fetur da ke gurɓata iska. A irin waɗannan, ko dai regileta na cikin tanki, ko kuma wata 'yar na'ura ce ke rage wa famfo gudu tana ƙara masa gwargwadon buƙata. An ƙera na'urar ta ɗauki wutar famfo ɗaya. Wanda ya rataya mata biyu ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Zafin da ke taruwa a tanki

Fetur ne ke sanyaya famfo, shi ne kuma man shafawarsa. Amma duk wutar da famfo ya ja, akasarinta zafi take komawa a cikin fetur ɗin. Famfo biyu masu jan amfiya 10 kowanne suna zuba kusan wat 270 a tanki, ba hutawa. Ban da haka, man yana hawa kan inji mai zafi, ya kwaso nasa zafin, ya dawo. Tanki mai lita 60 zai zagaya gaba ɗayansa a cikin kusan minti 7. Idan saura lita 15, ko minti 2 ba ya kaiwa.

Sassan fetur mafiya sauƙi sukan fara tafasa tun daga wajen maki 30 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos. Idan man ya ɗau zafi, a bakin famfo, inda tsotso ke rage matsi, sai ya riƙa zama kumfa. Famfo ya canza murya, ya koma kuka mai kaifi, abin da yake turawa ya ragu, fiffiken cikinsa ya riƙa cinyewa. Shi ya sa ake samun motar da ta yi lafiya lau da safe a kan daino, amma bayan awa ɗaya a cunkoson gari, aka taka ta, ta shaƙe.

Waya, wadda kowa ke mantawa

Duk mai wayarin da ya taɓa ciro maratayi daga motar da aka yi wa wannan aiki a gaggauce ya san abin da zai gani. Soket ɗin roba da ke kan murfin tanki, inda waya ke ratsawa ta shiga ciki, ya sauya launi daga fari zuwa ruwan ƙasa. Gefen fil ɗaya ya narke ya lotsa. Rigar wayar ta bushe, idan ka lanƙwasa ta sai ta tsage. Wannan duka a saman tanki, inda tururin fetur ke zama.

Wayar famfo ta kamfani siririya ce, an zaɓe ta don famfo ɗaya, kuma tana yin doguwar tafiya daga akwatin fis zuwa bayan mota. Famfon zamani mai lita 450 shi kaɗai yana iya jan amfiya 15 zuwa 20 idan matsi ya hau. Aka ɗora biyu a kan wayar, sai ta yi zafi, wutar da ke isa famfo ta ragu. Gudun famfo kuwa da ƙarfin wuta yake tafiya: wanda aka auna a bolt 13.5 ba zai ba da abin da aka rubuta ba idan bolt 11 yake samu. Wasu motocin ma da gangan suke rage wutar. Supra da Evolution duka suna da tsarin da ke ba famfo ƙaramar wuta a silo, sai an taka ya sakar masa cikakkiya. Akwai motoci da yawa da aka saya wa famfo na biyu alhali abin da na farkon ke nema kawai waya mai kauri ce.

Masu aikin ƙwarai sukan ja sabuwar waya mai kauri daga batir, kowane famfo da nasa fis da nasa rile, da kyakkyawan asin a jikin mota. Akwai sharaɗi ɗaya da ba a wasa da shi: tsohuwar wayar kamfani ita za ta riƙa kunna rilen. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwar mota tana kashe famfo da zarar inji ya daina juyawa. Wanda ya haɗa famfo kai tsaye da makulli ya cire wannan kariya. Ranar da aka yi hatsari, bututu ya tsinke, direba a sume, famfunan za su ci gaba da feso lita 8 na fetur a kowane minti a ƙarƙashin mota mai zafin salansa. A nan maganar ta tashi daga ta inji ta koma ta rai.

Tiyon cikin tanki shi ma nasa daban ne. Tiyon mai na yau da kullum cikinsa kawai aka yi don jure fetur. Idan aka nutsar da shi, bayansa ya kumbura ya ruɓe. Wanda ya dace da zama cikin mai shi ne mai lamba SAE J30R10.

Mutuwar da ba a gani

Babban haɗarin famfo biyu ya saɓa wa abin da hankali ke fara rayawa. Mutum yana ɗauka cewa biyu sun fi ɗaya aminci: idan wannan ya mutu, wancan na nan. Amma mota mai famfo ɗaya, idan ya mutu, sai ta tsaya a gefen hanya, a jawo ta, a sa sabo. Asarar ke nan. Mai famfo biyu kuwa, idan ɗaya ya mutu, motar za ta tashi lafiya, ta yi silo lafiya, ta zaga gari ba wata alama. Sai ranar da mai ita ya samu miƙaƙƙen titi ya take totur, turbo ya cika silinda da iskar doki 700, man da ke zuwa kuwa na doki 450 ne. Kafin kunnensa ya ji wani abu, fistin ya tafi. Na biyun ya rufa wa na farkon asiri har zuwa lokacin da ba gyara.

Maganin wannan ido ne. Ana sa na'urar auna matsin mai a kan sandar nozul, a haɗa ta da ƙwaƙwalwar mota, a koya mata cewa idan matsin bai hau tare da iskar turbo ba ta yanke ƙarfi nan take. Ana kuma sa na'urar auna haɗin iska da mai a salansa, mai faɗin zango, da agogonta a gaban direba. Kuɗin waɗannan biyu bai kama ƙafar kuɗin sake ɗaura inji ba. Rigakafi ya fi magani.

Yadda masu yi da kyau ke yi

Famfo biyu ba laifi ba ne a kan kansa. Kamfanin Ford ya sa biyu a tankin Mustang SVT Cobra ta 2003 da 2004 mai doki 390, ya kuma sa a Shelby GT500 ta 2007 mai doki 500. Bambancin shi ne injiniyoyinsa sun auna waya da bututu da na'urar sarrafawa tare da famfunan, tun daga takarda.

A garejojin da suka san aiki, dabarar da ta fi karɓuwa ita ce a bar famfo ɗaya yana aiki kullum, na biyun yana barci. Sai iskar turbo ta kai wani mataki, misali rabin bar, wani makunni mai jin matsi ko ita ƙwaƙwalwar motar ta tashe shi. Da haka regileta ba ta cika a silo, tanki ba ya ɗaukar zafi a cunkoso, batir da altaneta sun huta. Dole kuma kowane famfo ya kasance da bawul mai hanya ɗaya a bakinsa, in ba haka ba mai aikin zai riƙa tura man ta cikin mai barcin ya koma tanki. A wannan tsari, tsohon bututun kamfani kan iya ɗaukar aikin har wani mataki, idan an auna an tabbatar. Da an wuce matakin, sai a sauya zuwa bututu mai faɗin milimita 10 ko 13, da babbar filta, da regileta mai faɗin rami.

Masu tseren da'ira suna da wata buƙatar. A kwana mai tsanani fetur kan kwanta ɓari ɗaya, famfo ya zuƙi iska. Sukan sa ɗan ƙaramin tanki na lita biyu ko uku, famfon cikin babban tanki yana cika shi, manyan famfuna kuma suna sha daga gare shi. A yau kuma, da samuwar famfo ɗaya mai lita 450 ko fiye, da masu sarrafa gudu gwargwadon buƙata, yawancin motocin titi ba su da hujjar ɗaukar biyu.

Abin da ya shafe mu

Ba a sayar da E85 a gidajen manmu, kuma motocin doki 700 ba su da yawa a titunan Kano ko Maraɗi. Amma ƙaramin ƙanen wannan aiki yana nan a garejojinmu. Mota 'yar Kwatano ta tsufa, mai ita ya zo yana cewa, Oga, motar nan ba ta ja. Maimakon a sauke maratayi a duba, sai a je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko Fanteka ko Apo a sayo famfon waje, a ɗaure a ƙarƙashin mota, a jawo masa wuta daga makulli, wani lokaci ma da tiyon kafireta wanda ba a yi shi don matsin injakta ba. Sabon famfon yana tsotsa ta cikin mataccen, yana wahala, kariyar hatsari kuma an tsallake ta.

Yanayinmu ya fi na Tokiyo tsanani ga famfo. A watan Afirilu zafin Sakkwato da Maiduguri kan haura maki 40, kwalta na gasa tanki daga ƙasa. Tun da aka janye tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, direbobi da yawa da lita biyar ko goma suke yawo, famfo na aiki rabinsa a waje da man da ke sanyaya shi. Ga man jarka na 'yan bumburutu da ƙurarsa, ga kuma abin da aka gani a Fabrairun 2022, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol ya shigo Najeriya ya lalata motocin jama'a. Sau da yawa famfon da aka yanke wa hukuncin mutuwa yana da rai: jakar tacewarsa ce ta toshe, ko asin ya yi tsatsa, ko filta ta shekara ba a sauya ba.

Geji na auna matsin mai da mita ta auna wuta ba su fi ƙarfin kowane gareji ba. A ɗaura gejin, a ga abin da yake nunawa a silo da kuma lokacin da mota ke jan kaya a hawa. A sa mita a kan soket ɗin famfo, inji na aiki, a ga bolt nawa ke isa. Aikin minti talatin ne, kuma shi zai faɗa maka ko famfo ne, ko waya, ko filta, ko regileta.

Mai saitin da ke zaune a ɗakin daino ba ya sayen famfo saboda ya ji wani ya saya. Yakan bari layin da ke kan allo ya yi magana. Idan ya sunkuya, ya ɗage ƙafa, ya kashe mota, ya bi hanyar man taki-taki daga murfin tanki har nozul, sai ya gano gaɓar da ta gaza. Wata rana amsar famfo na biyu ce, kuma a ranar zai sa shi tare da wayarsa da bawul ɗinsa da na'urar da za ta tsare shi. Sauran ranakun, abin da motar ke roƙo bai wuce waya mai kauri da sabuwar filta ba, kuma mai ita zai koma gida da injinsa lafiya.